Darasi: Tatsar Saniya Mai Tsohon Ciki

Daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, nono yakan yi wuya a Amarawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Karan gonaki ya ƙare, ciyawar daji ta bushe ta kakkarye, garkunan da ke da ƙarfin tafiya sun nausa kudu neman ɗanyen haki. 'Yan shanun da suka rage a turke su ne ke riƙe da furar gida, su ne kuma ke kawo kuɗin cefane ranar Lahadi idan kasuwar Illela ta ci, ko ranar Laraba a Ƙonni. A daidai wannan lokaci ne shanunmu da yawa suke ɗauke da tsohon ciki. Saniya takan murmure da damina, ta karɓi bijimi tsakanin Agusta da Oktoba, ta haihu tsakanin Mayu da Yuli. Ke nan watannin da nono ya fi tsada su ne watannin da ya kamata hannu ya bar hantsarta.

Abu biyu ne mutane ke yi, kuma kada mu cuɗa su. Na farko shi ne ci gaba da tatsar saniya, ko barin tsohon maraƙinta yana tsotso, har haihuwa ta zo ba ta huta ba. Na biyu shi ne fara tatsar saniyar da ba a tatsa, musamman karsana mai cikin fari, 'yan kwanaki kafin ta haihu, don an ga hantsarta ta cika ta kumbura. Kowanne da irin ɓarnarsa.

Aikin da hantsa ke yi idan an bar ta

Cikin hantsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu ɗimbin yawa, ido ba ya ganinsu, su ne ke jawo abinci daga jini su mayar da shi madara. Bayan haihuwa suna da yawa, suna da ƙarfi. Yayin da watanni ke tafiya sai wasu su tsufa, wasu su mutu, shi ya sa saniyar da ke cika ƙwarya a watan farko takan koma rabin ƙwarya a wata na shida ko da abincinta bai ragu ba. Idan aka daina tatsa, jiki yakan kwashe tsofaffin ƙwayoyin ya maye gurbinsu da sababbi. Idan ba a daina ba, wannan sauyi ba ya kammaluwa, sai saniya ta shiga sabon tatso da tsofaffin ma'aikata.

Aikin ba ya yiwuwa a mako guda. Kwanakin farko hantsa tana janye madarar da ta rage, tsakiyar lokacin tana kwance, makonnin ƙarshe kuma tana sake gini tana tara dakashi. Masanan kiwo sun daɗe da tsayawa a kan kwana 45 zuwa 60. Ƙasa da wata guda ya yi kaɗan, musamman ga saniyar da ke shirin haihuwa ta biyu, don ita har yanzu jikinta girma yake yi. Wuce wata biyu kuma ba ya ƙara wa hantsa wani abin kirki.

An gwada wannan magana gwaji mai kyau. A shekarar 1965 wani masani mai suna Eric Swanson na Jami'ar Tenesi a Amurka ya fitar da sakamakon binciken da ya yi da tagwayen shanu masu kama ɗaya, don kada a ce bambancin jini ne ya kawo bambancin nono. A kowane tagwai, ɗaya ana hutar da ita kwana 60 kafin haihuwa, ɗayar kuma ana tatsarta ba tsayawa. A tatso na biyu, waɗanda ba su huta ba sun ba da kashi 75 cikin 100 na abin da 'yan'uwansu suka bayar. A tatso na uku suka faɗo zuwa kashi 62. Ku lura da wannan faɗuwa ta biyu, don ita ce ke nuna cewa asarar taruwa take yi shekara bisa shekara.

Daga baya masana a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan sun sake duba batun, har suka ce a wasu gonakinsu rage kwanakin hutu yana da amfani. Amma ku ji dalilinsu. Shanunsu suna ba da lita 30 ko 40 a rana, har yawan nonon yana rame su yana jawo musu ciwo bayan haihuwa, to raguwar nonon sauƙi ce a gare su. Su ma sun tabbatar da cewa nono yana raguwa. Mu a nan ba yawan nono ke damunmu ba.

Wace saniya ce abin ya shafa?

Wani zai ce shanunmu ai da kansu suke ƙafewa tun kafin ciki ya tsufa. Gaskiya ne ga da yawa daga cikinsu, musamman waɗanda ke yin shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa. Abin takaicin shi ne saniyar da ke faɗawa cikin wannan matsala ita ce mafi kyau a garke: Bokolon da ke da albarkar hantsa, ko 'yar Azawak irin waɗanda ake shigowa da su daga wajen Tawa ta Ƙonni, ko 'yar haɗin iri da shanun Turawa, kamar waɗanda cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta daɗe tana haɗawa. Irin wannan saniya takan ɗauki ciki da wuri, kuma nononta ba ya ɗaukewa da kansa. Saboda kirkinta ake ƙure ta.

Akwai kuma mai tatsar da ba a cika lissafawa da shi ba, wato tsohon maraƙi. Maigida zai rantse ya daina tatsa tun wata biyu, alhali ɗan shekara guda yana bin uwar a daji yana tsotso safe da yamma. A wurin hantsa duk ɗaya ne, bakin maraƙi da hannun mutum. Muddin ana cire madara, tana ci gaba da yin wata.

Lissafin ƙwarya

Mu yi lissafin allo da misali. A ce saniya tana ba da lita 1 a rana a ƙarshen tatsonta. Idan an matsa mata kwana 60 na ƙarshe, an samu lita 60. A ce kuma bayan ta haihu za ta riƙa ba da lita 2 a rana har kwana 240, wato lita 480. Idan rubu'in wannan ya tafi saboda rashin hutu, an rasa lita 120. An ci 60, an biya 120.

Mai sayar da nono za ta ce litar bazara ba ɗaya take da litar damina ba, kuma ta faɗi gaskiya. Idan kuɗin nono ya ninka a bazara, sai a ga kamar an tashi ba riba ba faɗuwa. To amma kwana 240 daga watan Yuni sai sun kai Fabrairu, ke nan raguwar za ta bi mu har cikin ranin gaba. Sannan lissafin bai taɓa abu biyu mafi tsada ba tukuna, jikin uwar da ran ɗan.

Cikin saniya yakan kai kwana 280 zuwa 290. Ɗan da ke ciki ba a daidai yake girma ba: fiye da rabin nauyinsa a watanni uku na ƙarshe yake samunsa. Saniyar da ke cin busasshen kara a zafin Afrilu, tana ciyar da ɗan ciki, tana kuma ba da madara, daga tsokarta da kitsenta take biya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan ta haihu haƙarƙari a waje, nono ba zai zo da ƙarfi ba, kuma za ta daɗe ba ta sake neman bijimi ba. Saniyar da za ta iya haihuwa duk wata goma sha huɗu sai ta koma shekara biyu. Wannan asarar maraƙi guda ce a duk 'yan shekaru, kuma kowa ya san kuɗin maraƙi a kasuwar shanu ta Illela.

Dakashi

Nan ne zuciyar darasin, don haka mu tsaya sosai. Jaririn mutum yakan samu wani kaso na garkuwar jiki daga mahaifiyarsa tun yana ciki. Ɗan maraƙi ba haka yake ba. Ginin mahaifar saniya ba ya barin sinadaran kariya su ƙetara daga jininta zuwa nasa, sai ya faɗo duniya ba shi da makami ko ɗaya a kan cutar da ke cikin ƙasar garke, da kashin shanu, da ƙudaje. Dukan kariyarsa tana cikin dakashi, wannan nonon farko mai kauri mai ruwan ɗorawa.

Ba a ranar haihuwa ake yin dakashi ba. Tun saura mako uku zuwa biyar jikin saniya yake kwaso sinadaran kariya daga jininta yana tara su cikin hantsa kaɗan-kaɗan. Dakashi mai kyau yana ɗauke da giram 50 ko fiye na waɗannan sinadarai a kowace lita, madarar yau da kullum kuwa ba ta kai giram 1 ba. Duk wanda ya tatsi hantsa a waɗannan makonni, abin da aka tara wa ɗan yake kwashewa. Ranar haihuwa sai a ga farin nono tsararo yana fitowa, ɗan ya sha ya ƙoshi, kowa ya ce lafiya lau. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ga zawo, ko kumburin cibiya, ko tari, ko kumburin gwiwa. A ce iska ce, ko baki, alhali abin ya faro ne tun daga ƙwaryar da aka tara a ƙarƙashin uwar wata guda da ya wuce.

Akwai kuma gaggawa a ciki. Hanjin sabon maraƙi yana iya shigar da sinadaran nan cikin jini ne kawai a sa'o'in farko. Bayan sa'a shida ƙarfin ya fara raguwa sosai, bayan sa'a 24 ƙofar ta rufe. Don haka ya sha tun cikin sa'o'i biyun farko idan da hali, kuma kafin yinin ya ƙare ya samu kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa. Maraƙin da aka haifa da kilo 20 zuwa 25 yana buƙatar lita 2 zuwa 2 da rabi. Idan ba shi da ƙarfin miƙewa, a tatsa cikin ƙwarya mai tsabta a ba shi a hankali, kansa a ɗage kaɗan, kada ya shaƙe.

Mutanenmu suna son dafaffen dakashi, kuma ba laifi ba ne. Amma na ranar farko na ɗan ne gaba ɗaya. Idan an kai rana ta biyu ko ta uku kuma ya ƙoshi ya bari, yara su ci rabonsu, bayan an dafa shi sosai, don ɗanyen nono yana iya ɗauke da cutar bakkale da tarin fuka.

Kada a manta cewa shanunmu masu tozo ba sa sakin nono sai sun ga ɗansu ya taɓa hantsa. Idan ɗan ya mutu, sau da yawa tatson shekarar ma ya tafi tare da shi.

Karsanar da hantsarta ta kumbura

Yanzu ga abu na biyu. Karsana mai cikin fari takan yi kumburi a hantsa, wani lokaci har ya bi ƙasan ciki zuwa cibiya. Tausayi yakan sa a ce bari a rage mata. Wannan kumburi galibinsa ruwa ne da ya taru a ƙarƙashin fata, ba madara ba. Idan aka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya ɗan jima bai ciko ba, babu zafi sosai, kuma duk hantsar ce ta tashi tare. Yakan saɓe da kansa 'yan kwanaki bayan haihuwa. Abin da take so shi ne a bar ta ta riƙa tattaki, a riƙa shafa hantsar a hankali daga ƙasa zuwa sama, a kuma rage mata gishiri da kanwa. Ciwon hantsa na gaske daban yake: ɓangare ɗaya ne yakan yi tauri, ya ɗau zafi, saniyar ta riƙa harbi idan an taɓa, wani lokaci ta ƙi cin abinci. Wannan na malamin dabbobi ne, ba a jira.

Tun shekarun 1940 da 1950 masana a Amurka da Ingila suke gwada fara tatsa kafin haihuwa. A wasu gwaje-gwajen kumburi ya ragu. Yawan nonon shekara kuwa bai nuna wata riba tabbatacciya ba, nan ya ɗan hau, can bai motsa ba. Abin da ya fito iri ɗaya ko'ina shi ne lalacewar dakashi. Gonakin da ke yin haka suna da firiza cike da dakashin wasu shanu. Mai saniya uku a Amarawa ba shi da wannan gata, don haka a ganina bai kamata ya shiga wannan caca ba.

Takan faru kumburin ya yi tsanani har madara ta riƙa ɗiga da kanta, karsana ta kasa kwanciya. Idan malamin dabbobi ya duba ya ce a tatsa, to a tatsa, kuma idan an fara sai a ci gaba kullum har ta haihu. Amma tun ranar a fara cigiyar saniyar da za ta haihu a lokaci guda, a garkenku ko na maƙwabta, don a samo wa ɗan dakashin ranar farko. Haka ma idan madara ta yi kwanaki tana zuba da kanta kafin haihuwa.

Sanin lokaci

Duk wannan ba zai yiwu ba sai an san watan haihuwa, kuma a nan ne karatun da kuke yi zai biya ku. Ranar da kuka ga bijimi ya hau saniya, ku rubuta sunanta da kwanan wata. Ku sa ido bayan mako uku, don saniyar da ba ta ɗauka ba takan sake nema bayan kimanin kwana 21. Idan ba ta nema ba, daga ranar barbarar ku ƙirga wata tara da kwana goma da watan Bature, ko wata tara da kwana ashirin da watan Musulunci. Idan ta cika wata bakwai a fara shirin daina tatsa, kafin wata bakwai da rabi a ce an gama. Wanda bai ga barbarar ba, malamin dabbobi yana iya sa hannu ya faɗa masa ko akwai ciki da kimanin watanninsa. Ana samun su a ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, ga kuma asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato idan abu ya gagara.

Yadda ake dainawa

A fara duba hantsa. A tatsi kowane kan nono a tafin hannu ko a baƙin faranti, a ga ko akwai gudaji, ko jini, ko ruwa-ruwa. Idan akwai, a yi magani tukuna, don rufe hantsa da ciwo a ciki yana iya kashe ɓangaren har abada. Nonon saniyar da aka yi wa allura kuma ba na sha ba ne, ba na sayarwa ba, sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika.

Idan lafiya take, a janye mata dusa na mako guda, a bar ta da kara da ciyawa, sannan a tatse ta tas a daina a rana ɗaya. Ga saniyar da ke ba da lita ɗaya ko biyu wannan ya isa. Mai nono da yawa a mayar da ita sau ɗaya a rana na 'yan kwanaki kafin a tsaya. Kada a hana ta ruwa da sunan busar da nono, a zafin da ke wuce digiri 40 wannan zalunci ne kuma hatsari ne ga cikin. Hantsa za ta cika ta yi tauri kwana biyu ko uku, sannan ta sassauta. Wannan cikar ce ke sanar da jiki ya daina yin madara, don haka kada a koma ana ɗan ragewa. Bayan mako ɗaya zuwa biyu wani abu mai danƙo yakan toshe ƙofar kan nono ya hana cuta shiga, kuma duk matsawa guda tana ɓalle shi. Tsohon maraƙi a ɗaure shi a dangwali ko a kai shi wani garke. Shafa kashin shanu a hantsa don ya ƙyamace ta al'ada ce da ya kamata a bari, domin kai cuta ne har bakin ƙofa. Makwancinta ya zama busasshe, a riƙa kwashe taki.

Bayan hantsa ta kwanta sai a dawo da abinci mai kyau: harawar wake ko ta gyaɗa, kowar wake, dusar gero, angurya, da 'ya'yan gawo da ke zuba a daidai wannan lokaci. A makonni ukun ƙarshe a riƙa ƙara dusa kaɗan-kaɗan. Shanun haɗin iri masu nono da yawa a rage musu kanwa a waɗannan makonni, don yawanta yana iya taimaka wa ciwon nan da ke kayar da saniya bayan haihuwa saboda ƙarancin sinadarin kalsiyam a jini.

Tambayar uwargida

Duk inda aka yi wannan bayani, sai wata ta ce, "Malam, in an bar tatsa, da mi za mu dama hura?" Tambaya ce mai nauyi, kuma ba kwaɗayi ke kawo ta ba. A gidaje da yawa saniya ta maigida ce, nono kuwa na uwargida ne, da shi take sayen gishiri da sabulu da maganin yara. Idan maigida ya ce a daina tatsa wata biyu bai kawo madadin komai ba, ya ɗora mata kuɗin gyaran dukiyarsa ita kaɗai. Ribar hutun ta gidan ce duka, to nauyinsa ma a raba. Tun da kaka, lokacin da harawa ke da araha, a zauna a ƙirga wace saniya za ta huta a wane wata, a ajiye mata abincinta a kan rumfa, a kuma ware abin da zai tsaya a madadin kuɗin nono. Mai shanu biyu ko uku ya yi ƙoƙari kada duk su karɓi bijimi a wata ɗaya. Akuya mai tatso guda ɗaya ma takan riƙe kunun yara har saniya ta haihu.

Aiki

1. An ga bijimi ya hau wata saniya ranar 10 ga Satumba, kuma ba ta sake nema ba. A wane wata ake sa ran haihuwarta? A wane wata za a daina tatsarta?
2. Saniya tana ba da lita 3 a rana har kwana 200. Idan ta rasa rubu'i saboda rashin hutu, lita nawa aka rasa?
3. Faɗi yadda za ka bambanta kumburin ruwa da ciwon hantsa.
4. Ka ja layi huɗu a littafinka: sunan saniya, ranar barbara, ranar daina tatsa, ranar haihuwa. Ka cike shi da shanun gidanku ko na maƙwabci, ka zo da shi aji mako mai zuwa.